Kundin aiki: bin sawun matsalar wutar TPS a Honda Accord 1994

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Motar Honda Accord ce ƙirar 1994, wadda aka fi sani da Bulldog, 'yar Amurka, injin F22B2 mai lita 2.2, giya otomatik. Da safe tana tashi lafiya lau. Da zarar inji ya ɗau zafi sai hali ya sauya: tana fizga a kan titi ko da ƙafa ba ta motsa a kan totur ba, giya tana jinkirin shiga har sai inji ya yi ta kuka, silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, kuma ya rataye wajen juyi 1,200 a minti maimakon 700 da kamfani ya ƙayyade. Fitilar cek tana zuwa tana tafiya, wani lokacin fitilar giya ta D4 ma ta kama ƙiftawa. An riga an sauya mata TPS, wato sensar da ke gaya wa birenbos (kwamfutar inji) yadda aka buɗe totur, da ta gwanjo kafin motar ta iso nan, ba abin da ya ragu. Tsohuwar tana cikin but a leda. An ce a bar ta, za a neme ta.

Ba a kwance komai ba sai da aka karanta abin da birenbos ya riƙe. Wannan mota ta riga tsarin OBD-II, wanda Amurka ta wajabta daga ƙirar 1996, don haka babu soket mai ƙafa 16 da za a soka na'urar sikanin. Abin da ke akwai wani ɗan shuɗin soket ne mai ƙafa 2 a ƙarƙashin dashbod, ɓangaren fasinja. Ana haɗa ƙafafun nan biyu da guntuwar waya, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama ba tare da an tayar ba, sai fitilar cek ta shiga ƙirga: doguwar ƙifta goma ce, gajeriya ɗaya. Kusa da shi akwai wani mai ƙafa 3, ba shi ake haɗawa ba. Duk waya ko soket mai rawayar riga a wajen kuwa na jakar iska ne, ba a kusantarsa da mita ko fil.

Cek ta ba da gajeru bakwai, lamba 7 ke nan, layin TPS. D4 ta ba da 3, wanda a lissafin kwamfutar giya shi ma TPS ne. A wannan ƙirar kwamfutar giya daban take da ta inji, amma sigina ɗaya suke karantawa, shi ya sa suka yi kuka tare.

Lamba 7 cewa take wutar da ta iso ƙafar birenbos ta fita daga iyakar da yake sa rai, ko ta yi ƙasa ƙwarai ko ta yi sama ƙwarai. Ba ta ce sensa ta mutu ba. Tsakanin birenbos da sensar akwai waya uku, da sokitoci, da shekara talatin na zafi da wankin inji. Motocin OBD-II sun ɗan rage wahala a nan, don suna rarrabe P0122 ta ƙasa da P0123 ta sama. Wannan 7 kawai take cewa, sauran aikin na mita ne.

An rubuta lambobin, sannan aka zare fiyus ɗin BACK UP mai 7.5A a akwatin fiyus na cikin bonet na daƙiƙa goma don a share su. Batir 12.5V a kashe, 14.1V inji na aiki. An kuma juya mita zuwa AC a kan batir inji na aiki, ta nuna 0.04V, alamar diyod ɗin altaneto ba ya zuba datti a layi.

Talata, 14 ga Janairu

Cikin TPS babu wani abin mamaki. Siririn layin kabon ne mai lanƙwasa. Gefe ɗaya birenbos ke ba shi 5V, ɗaya gefen yana komawa ƙasa ta cikin birenbos ɗin, ba ta jikin inji ba. Wani ɗan hannu na ƙarfe mai bin sandar totur yana goga a kan layin, yana ɗebo wuta daidai inda ya tsaya. Totur a rufe, wajen 0.5V. A buɗe gaba ɗaya, wajen 4.5V. Da gangan aka bar rabin volt a kowane gefe, domin idan aka ga sifili ko 5 cif a san layi ne ya samu matsala, ba ƙafar direba ba.

Daga wannan ake gane inda za a dosa. In wayar 5V ta katse, ko wayar sigina ta katse ko ta taɓa jikin mota, sigina tana faɗuwa kusa da sifili. In wayar ƙasa ce ta katse, wuta ba ta da hanyar komawa, sai sigina ta haye kusa da 5V. In kuwa wayar ƙasa ba ta katse ba, tsatsa ce kawai ta ci ta, sigina tana ɗagawa kaɗan ta tsaya cikin iyaka, birenbos ba zai kunna cek ba, mota dai ta yi ta rashin hankali. Wannan ita ce mai wuyar kamawa. Layin kabon da ya goge kuma alamarsa daban: kullum a wuri ɗaya yake yankewa, galibi a farkon buɗewa, inda ƙafa ta fi zama.

Kafin awo an duba abu guda da ke yawan faruwa a Honda. Soket ɗin MAP, sensar da ke auna matsin iskar da inji ke shaƙa, da na TPS kamarsu ɗaya, a wannan injin kuma kusa suke da juna a jikin akwatin totur, don haka duk motar da aka taɓa kwance wajen tana iya dawowa da su a juye. A nan kowanne yana mazauninsa.

A yawancin Honda na wannan zamani mai rawaya ita ce ta 5V, mai kore ita ce ta ƙasa, ta tsakiya ita ce sigina, ratsin jikinsu ne ke sauyawa daga shekara zuwa shekara. Duk da haka ba a dogara da launi a motar da ta sha hannu. An zare soket, makulli a buɗe, an auna kowace ƙafa da nagetif ɗin batir har aka tabbatar da wadda ke ba da 5V. Sannan aka mayar da soket, aka soka fil ta bayansa, gefen robar da ke tare ruwa, har ya taɓa ƙarfen ciki. Ba a huda rigar waya. Ramin da fil ya bari yau shi ne ƙofar ruwa gobe.

Inji a sanyaye, makulli a buɗe: tsakanin wayar 5V da wayar ƙasa, 5.02V. Tsakanin wayar ƙasa da nagetif ɗin batir, 0.03V. Sigina, totur a rufe 0.78V, a buɗe 4.68V. An ja totur a hankali daga rufe zuwa buɗe da mita mai allura, allurar ta hau sumul ba gargada. Mita mai lamba ba ta dace da wannan gwajin ba, tana sabunta abin da take nunawa sau biyu ko uku ne kawai a daƙiƙa, yankewa mai saurin gaske tana wuce ta ba ta gani ba.

To 0.78V laifi ne, babu musu. An ɗora sensar gwanjo ba a saita ta ba. Mai gaggawa zai juya ta zuwa 0.5V ya miƙa makulli. Amma kuskuren saiti yana nan safe da rana, sanyi da zafi, ba ya sauyawa. Ciwon wannan mota kuwa sai ta yi zafi yake tashi, kuma zuwa yake yana tafiya. Ba a taɓa saitin ba tukuna, don kada a sauya abu biyu a lokaci ɗaya a rasa wanda ya yi magani.

Laraba, 15 ga Janairu

An gwada tsohuwar sensar a kan tebur. Tsakanin ƙafafun gefe biyu kilo-ohm 4.9. An ba ta 4.5V daga ƙananan batura uku na tocila, an juya harshenta da sukundireba ana kallon allura, an dumama ta da na'urar busar da gashi har hannu ya daina jurewa, an ƙwanƙwasa ta da ƙotar sukundireba. Ko gezau. Ta gwanjon da ke jikin mota kilo-ohm 5.1, ita ma haka. Sensa biyu masu lafiya, ciwo ɗaya.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau an koma wajen birenbos, domin abin da ya iso gare shi shi ne abin da mota ke aiki da shi. Yana ƙarƙashin kafet, inda fasinjan gaba ke ajiye ƙafa, bayan wani faifan ƙarfe. Sokitocinsa uku: A mai ƙafa 26, B mai 16, D mai 22. A soket ɗin D, ƙafa ta 11 ita ce siginar TPS, ta 20 ita ke fitar da 5V ɗinta, ta 22 ita ce ƙasar sensoci.

Sai da aka fara wanke birenbos ɗin kansa daga zargi. Shi ma yana da nasa wayoyin ƙasa, A26 da B2, da ke ɗaure a jikin inji a wurin da littafin Honda ke kira G101. Inji na aiki, fitilu da fankar lagireto a kunne, tsakaninsu da nagetif ɗin batir 0.05V. Lafiya. Da a ce nan ne matsalar da ba sensoci kaɗai za su rikice ba, har tayarwa ma sai ta riƙa gardama.

Mita biyu aka ɗora a kan kujera. Ta farko tsakanin D11 da D22, tana nuna abin da birenbos ke gani. Ta biyu, da doguwar waya da aka zuro ta taga, tsakanin wayar ƙasa a bakin soket ɗin TPS da D22. Wato tana auna farkon waya ɗaya da ƙarshenta. Waya mai lafiya ba ta da abin da za ta nuna a nan sai kusan sifili.

Da tayarwa, mita ta biyu 0.04V. Bayan kamar minti ashirin, allurar zafi ta kai tsakiya, sai ta fara yawo tsakanin 0.3V da 0.5V, ta farko kuma ta bi ta, daga 0.78V ta koma tana lilo tsakanin 1.0V da 1.2V, alhali ba wanda ya taɓa totur. A wajen birenbos 1.2V na nufin an buɗe totur kusan kashi ɗaya cikin shida. Ba zai kula da silo yadda ya kamata ba tunda a ganinsa ana tafiya, ba zai yanke mai idan an ɗaga ƙafa ba, duk tsallen da siginar ta yi kuma zai ɗauka direba ne ya taka, ya ƙara wa nozul mai. Kwamfutar giya ita ma tana ganin ana neman ƙarfi, sai ta riƙe giya ta ƙi sakin ta da wuri. Ga fizga, ga jinkirin giya, ga silo a sama, duk daga tushe ɗaya.

An taka birki, an sa D, an dawo R. Inji ya girgiza a mazauninsa, mita ta biyu ta haye sama da 2V, ma'ajiyar mafi girman awo ta riƙe 4.7V, cek ta kama. Da aka karanta, ba 7 kaɗai ba ce yanzu: 6, 7 da 10. Shida sensar zafin ruwa, goma sensar zafin iskar da inji ke shaƙa.

Sensa uku ba sa mutuwa rana ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne D22. TPS, sensar zafin ruwa, ta zafin iska, ta bawul ɗin EGR mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, da ta iskar salansa, kowacce tana da 'yar wayarta ta ƙasa, sai su haɗu a cikin damin wayoyin inji su zama guda ɗaya zuwa birenbos. Kamar kwatar lungu ce: in ta toshe a ƙofar gida ɗaya, gidan kaɗai ke shan ruwa, in ta toshe a bakin titi, ruwa kowane gida yake komawa. An kai kan mitar bakin soket ɗin sensar zafin ruwa, an samu ɗagawa iri ɗaya da ta wajen TPS. Toshewar a bakin titi take. MAP ba ta yi kuka ba domin nata layin daban ne, D19 da D21, wannan ma ƙarin shaida ce.

Dalilin da ya sa sai da zafi shi ma ya fito. Sensar zafin ruwa tana kilo-ohm 2 zuwa 3 a sanyaye, tana sauka zuwa ohm 200 zuwa 400 idan inji ya yi zafi, don haka wutar da take zubawa a layin haɗaka tana ƙaruwa. Wutar nan ba ta da yawa, TPS kanta milliamp ɗaya take ja, 5V a kan kilo-ohm 5. Amma in jimillar ta kai milliamp 5, tsatsa mai ohm 100 ta isa ta haifar da rabin volt. Haɗin da ya ruɓe kuma yana ƙara sakewa idan ƙarfe ya ɗau zafi. Akwai wani abin lura: ƙarin wuta a layin sensar zafin ruwa yana sa birenbos ya ɗauka inji bai gama zafi ba, ya ƙara mai, alhali allurar dashbod tana tsakiya hankali kwance, domin ita tata sensar daban ce mai waya ɗaya. Fulogi huɗun da aka zare duk baƙi ƙirin da hayaƙi.

Don tabbatarwa an ja waya ta wucin gadi daga ƙasar soket ɗin TPS kai tsaye zuwa D22. Mita ta biyu ta koma 0.01V, D ko R, ba ta motsa ba. An cire ta bayan gwaji. Wasu kan tsaya a nan, ko ma su ɗaure wayar ƙasar sensa a jikin inji su naɗe da tef. Wannan na biyun ba gyara ba ne. Jikin inji hanya ce ta manyan wutoci, kik da altaneto da kwayil, ɗan bambancin da suke haifarwa zai shiga cikin siginar da ake auna ta da ɗigon volt.

Litinin, 20 ga Janairu

Neman ainihin wurin. An cire nagetif ɗin batir, an zare sokitocin birenbos da na kwamfutar giya, an zare duk sensocin da ke kan layin. Mita a kan ohm, daga soket ɗin TPS zuwa D22: 0.9, wayoyin mitar kansu 0.3. Ƙarar mita ta yi tsuwwa, wai waya lafiya. Mitoci da yawa suna wannan tsuwwar har a ohm 30 ko fiye, kuma wutar da mita ke turawa ba ta isa ta tona asirin haɗin da silin tagulla uku ko huɗu ke riƙe da shi ba.

Sai aka ɗora wa wayar kaya. Ƙwan sigina mai watt 21, wanda ke jan kusan amp 1.7: daga fozitif ɗin batir zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa ƙafar ƙasa a soket ɗin TPS, can ɗaya ƙarshen kuma daga ramin D22 zuwa nagetif. Wannan gwaji sai birenbos a zare ake yin sa. Ƙwan gwaji a kan layin 5V birenbos na haɗe hanya ce ta ƙona shi. Ƙwai ya kama, amma tsakanin bakin waya da ƙarshenta mita ta nuna 1.3V. An yi wa wayar 5V da ta sigina gwaji iri ɗaya, 0.19V da 0.21V, daidai abin da ake sa rai daga siririyar waya mai tsawon mita uku ko kusa da haka.

An raba hanyar biyu a manyan sokitocin da ke haɗa wayarin inji da na jikin mota, gefen mazaunin shokazoba. Daga nan zuwa birenbos 0.09V kacal. Ragowar duk tana ɓangaren inji. Ƙwai na kunne, aka bi damin ana lanƙwasa shi taƙi-taƙi da hannu. Kamar kamu ɗaya kafin babban soket, inda damin ya sunkuya ƙasa, ƙwan ya yi farfaɗiya ya mutu, aka saki ya dawo.

Da aka yanke tef, na waje baƙi ne busasshe, na ciki ya narke ya zama danƙo. Ƙarƙashinsa tsohon gyara ne: waya mai kore an murɗe bakinta biyu da hannu, babu dalma, babu maɗauri. Garin tsatsa fari da kore ya cika wurin, silin tagullar sun yi baƙi, ana taɓawa suna karyewa, 'yan kaɗan ne suka rage a haɗe. Wayoyi biyu na kusa da ita akwai sawun haƙorin ɓera a rigarsu, wanda ya nuna abin da ya kawo gyaran tun farko. Wurin shi ne mafi ƙasa a damin, duk ruwan wankin inji nan yake taruwa. Maƙalin da ke riƙe damin ya karye, robar injin-sit na gaba kuma ta tsage, saboda haka duk lokacin da aka sa giya inji ya tuma, haɗin nan ake fizga.

Talata, 21 ga Janairu

An yi ta yanke wayar ana feɗewa har sai da tagulla ta fito ja tana ƙyalli, wajen santimita 12 ta kowane gefe, domin tsatsa tana bin ƙarƙashin riga ta yi nisa, dalma kuma ba ta kama baƙar tagulla. An ƙara sabuwar waya mai kauri ɗaya, 0.5 mm², an matse da maɗaurin ƙarfe, an bi da dalmar lantarki mai ƙaro a ciki, ba ruwan asid na masu gyaran lagireto ba, wanda zai ci gaba da cin wayar bayan an rufe. Dalma kaɗan ta isa. In ta yi yawa ta bi cikin sili, wayar ta sandare, nan gaba ta karye a gefen haɗin. An rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Biyun da ɓera ya taɓa su ma an gyara su, an goce haɗe-haɗen don kada su taru wuri ɗaya su goga juna.

Kunnen soket ɗin TPS a karye yake, ramin tsakiya kuma ya buɗe, fil yana shiga yana fita ba riƙo. An samo wani da guntun wayoyinsa daga damin wata motar da aka farfasa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, an sauya. An ɗaga damin an ɗaure shi yadda ba zai sake yin kwari ba, an bar masa sakin da inji zai motsa bai ja shi ba. Gwajin ƙwai bayan gyara: 0.20V.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yanzu lokacin saiti ya yi. TPS tana bayan akwatin totur, tana fuskantar bangon da ya raba inji da ɗaki, hannu ba ya samun sakewa a wajen, don haka an kwance akwatin gaba ɗaya. Honda ta ɗaure sensar da sukurori marasa kai tun daga kamfani, don ba ta so a taɓa. Yadda ake fitar da su shi ne a yanka tsaga a kansu da zarto a kwance da sukundireba. A wannan motar an riga an yi hakan, an mayar da wasu sukurori na katako da suka fara cin zaren. An gyara zaren, an sa sababbi M5 masu tazarar zare 0.8, kowanne da zoben washa a ƙarƙashinsa.

An cire sensar kafin a wanke akwatin, domin ruwan wankin kafireto yana shiga cikinta ya ci layin kabon. Bayan wanki aka ɗaga akwatin ga haske, sai ga rata a gefen faifan totur fiye da kima. An riga an taɓa sukurun da faifan ke tsayawa a kai, fentin kamfani a fashe. Wani ya ɗaga silo da shi lokacin da mota ke neman mutuwa. Ba aikinsa ke nan ba, aikinsa hana faifai cijewa a bangon akwati. Sukurun silo daban yake, a saman akwatin. An mayar da sukurun tsayawar faifan baya har faifai ya rufe, sannan aka ɗan shigar da shi daidai yadda faifai zai zauna a kansa bai maƙale ba. Wani ɓangare na hawan siginar zuwa 0.78V daga wannan sukurun ne, ragowar daga karkacewar sensar ne.

Tsohuwar sensar aka mayar, ta asali, tunda ta ci jarrabawa. Wajen ɗorawa sai an tabbatar harshenta ya shiga tsagar sandar totur, sannan a juya ta kaɗan har ramukan sukuru su yi daidai. In ya zame gefe, sigina tana tsayawa wuri ɗaya ko ta fara motsi a makare. An sa sukurori ba a matse ba, an haɗa soket, makulli a buɗe, ana juya jikin sensar ana kallon D11 da D22. An tsaya a 0.49V. Matsewa tana jan ta, don haka ana matse ɗaya kaɗan, ɗaya kaɗan, ido na kan mita. Bayan an gama 0.50V, a buɗe 4.48V. An buɗe totur an sake shi ya bugu da kansa, kullum yana dawowa lamba ɗaya.

Sabon gasket, notuna a 22 Nm. Igiyar totur an bar mata saki milimita 10 zuwa 12, in ta yi tauri tana riƙe faifai a buɗe ta ɓata duk saitin nan. Tiyon ruwa da aka zare sun shigar da iska, an fitar da ita ta notin da ke jikin gidan tamostat, don iskar da ta maƙale a wajen tana sa silo ya yi ta hawa da sauka, a sake zargin TPS a banza. An share lambobi da fiyus ɗin BACK UP, an sa sababbin fulogi, an bar inji ya yi zafi har fanka ta kama. Silo ya zauna a 720.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Motar ta dawo dubiya bayan ta yi zirga-zirgar gari da tafiyar babban titi. Cek ba ta kama ba, D4 ba ta ƙifta ba, an haɗa shuɗin soket, babu lambar da aka riƙe. Inji da zafi, wayar ƙasa daga TPS zuwa D22 tana 0.01V zuwa 0.02V, ko an sa D ko R, ko an girgiza damin da hannu. Sigina 0.50V. Giya tana sauyawa da wuri in an taka a hankali. Fulogi sun fara komawa ruwan ƙasa.

Abu biyu sun rage. Injin-sit na gaba har yanzu a tsage yake, in ba a sauya shi ba zai ci gaba da jan damin wayoyi, wannan karon a wani wurin. Na biyu ya fito ne da safiyar yau cikin hunturu: a kan buɗaɗɗen titi allurar zafi tana sauka ƙasa, sensar zafin ruwa tana tsayawa sama da ohm 600. An taɓa babban tiyon lagireto jim kaɗan bayan tayarwa, ya riga ya fara ɗumi, alamar an cire tamostat, kamar yadda ake yi wa yawancin motocin da suka shigo nan. Na wannan injin yana fara buɗewa ne a digiri 78. Muddin babu shi birenbos zai riƙa ƙara mai duk safiya, kuma awon shan mai da za a yi ba zai nuna ainihin abin da gyaran waya ya rage ba. An ba da odar tamostat da robarsa da injin-sit. Idan an ɗora su za a cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa a famfo ɗaya, sannan a maimaita awon D22 da rana tsaka, esi a kunne.